'Yar Gidan Iliyasu

Ni ne Nababa na ƙasan dam ɗin Watari. Duk wanda ya taɓa ɗora kwandon tumatir a mota a yankin nan ya san ni, wanda bai san ni ba kuwa sabon zuwa ne. Na ga shekarar da aka canza kuɗi aka koma naira, lokacin da fari ya hana gero fitar da kai, muka ci dusa da ganyen tafasa. Mu bakwai muka tafi ci-rani, mu uku muka dawo. Kububuwa ta sare ni a dunduniya, ita ta mutu, ni na tafi sallar Juma'a. Motar tumatir ta kife da ni a hanyar kudu, aka jera ni cikin gawarwaki a bakin titi, na tashi zaune na ce wa ya ga hulata. Ban taɓa zama a aji ba, amma ko malaman gona in sun zo sai sun tsaya a bakin kwamin tumatirina sun yi tambaya.

Ƙanena Iliyasu ne ke riƙe da biro. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini ko kalma. Abin da nake so a rubuta yau ba na jarumta ba ne.

Ni da matata Fadima, haihuwarmu ta fari mace ce. A wajenmu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, in an yi zancensa ma sai ya kau da kai kamar ana maganar ɗan wani gari. Haka ubana ya yi da yayanmu har ya koma ga Allah. Ranar sunan yarinyar tun da asuba na saɓa fartanya na tafi gona, sai da aka watse na dawo, mutane suka ce lallai Nababa ya san kunya. Da aka yaye ta muka ba Iliyasu, don a lokacin shi da matarsa ba su samu haihuwa ba, yana koyarwa a firamare a Bacirawa. Shi ya sa ta a boko, sunansa ne a bayan nata a duk takardunta. Shi take ce wa Baba, ni kuwa Baffa. In dole ta kama in yi zancenta, sai in ce 'yar gidan Iliyasu. Shekara talatin da tara ke nan.

Ta yi karatu har ya ishe ta. Aikin da ta samu a Kano, na daɗe ban gane shi ba, sai da Iliyasu ya ce mini in ɗauke ta kamar mai dalilin aure, amma ita garuruwa take haɗawa. Ta je wani birni a ƙasar waje, ta zauna da magajin garinsu da masu kamfanoninsu, ta gaya musu abin da Kano ke da shi da abin da ta rasa. Su ma su zo su gani. In an daidaita, a ƙulla ƙawance tsakanin birni da birni, gwamnati ta kawo nata, kamfani ya kawo nasa, a yi aiki tare. Na ce to wannan ai dillanci ne, a jininmu yake.

Shekara shida tana bin wani birni na ƙasar sanyi, wanda sunansa ya ƙi zama a bakina. Abin da take so a yi shi ne ɗakin sanyi na tumatir, mai aiki da hasken rana. Wanda bai yi noman rani ba ba zai san zafin abin ba. Ka yi wata uku kana ban ruwa, ka tsira daga tsutsar sharon, sai tumatir ya nuna wa kowa rana ɗaya, kasuwa ta faɗi, ka ga kwanduna jere a bakin hanya suna zubar da ruwa, awaki ma sun ƙoshi. Aka tsara cewa gwamnati za ta ba da fili da hanya, kamfanin can ya kawo injuna, birnin ya turo masana, ƙungiyarmu ta manoma ta riƙa kai kaya. Injiniyoyi suka zo da sandunan awo, suka zaga, suka zaɓi wani tudu a bakin hanya. Tudun nan kuwa iyakarsa ɗaya da gonata.

A makon ta zo gidanmu. Ta gaida uwarta a ɗaki, ta fito ta durƙusa a bakin tabarmata a zaure.

"Baffa, alfarma na zo nema."

"To."

"Don Allah kada ka ce komai a kan filin nan, ko a majalisa ko a kasuwa. Ranar da aka zaɓe shi ba na ɗakin taron, da kaina na fita. Tun farko na rubuta musu cewa kai ne mahaifina, kuma kana cikin ƙungiya."

Da ta ce mahaifina sai na ji kunnuwana sun yi zafi. Na juya na shiga gyara igiyar akuya da ba ta kwance ba. Ta ci gaba da magana, ta daɗe tana yi, amma wallahi ban ji sauran ba. Na dai ce mata ta gaida Iliyasu.

Ranar kasuwar Kunci na tafi sayen irin albasa. Na zauna a rumfar mai shayi, zance ya faɗo kan ɗakin sanyi. Kassimu yana wajen, wanda gonarsa ke tsallaken kanal ɗin ban ruwa, sa'ana ne, tun muna kiwo muke faɗa da shi.

Ya ce, "Nababa, an ce tudun Turawa ya jingina da gonarka. Sa'a ce ko asiri?"

Da na yi shiru, da yau ba a rubuta wannan. Amma mutum goma sha biyu ne a rumfar, duk sun juyo suna kallona. Na ajiye kofi na ce, "Sa'a? Kai kana ganin Bature yana barin ƙasarsa ya zo Watari a kan sa'a? Ni na ce a kawo, ni na nuna inda za a kafa. Muna da mutum a sama. In na ce a matsar da shi ƙofar gidana, gobe za a matsar."

Aka yi dariya, wani ya biya mini shayin. Ban lura ba ashe wani ya ɗaga waya yana ɗaukar maganata. Ban ce Kassimu ne ba, don ban gani da idona ba. Na dai san bayan mako uku takardar ƙara ta isa Kano, kwafinta kuma ya haye har birnin can. A ciki an ce ma'aikaciyar da ke jagorantar aikin ta karkatar da shi zuwa gonar ubanta, tana fakewa da sunan wani, kuma an ɓoye wa manoma dangantakar, an koya wa tsohon ya musanta. Wannan duk daga baya na ji. A lokacin abin da aka gaya mini kawai shi ne baƙi za su zo, suna son ganin Nababa.

Na ce ai dole. Wa za su gani in ba ni ba?

Na sa babbar rigata ta shadda wadda nake zuwa idi da ita, na naɗa rawani, abin da ban saba ba. Aka taru a rumfar ƙungiya da hantsi. Mai unguwa yana nan, liman yana nan, yayan Fadima, surukina, yana zaune dab da ni. Baƙuwar Baturiya ce doguwa mai tabarau, furfura ta fara mata, an ce aikinta ke nan a birninsu, bin diddigin duk wata yarjejeniya kafin a sa hannu. Tare da ita akwai tafinta, wani magidanci mai sanyin murya, Abdulkabir. 'Yar gidan Iliyasu tana can gefe a kan benci ita kaɗai, hannuwanta a cinya. Ashe an ce mata kada ta yi magana, kada ma ta gana da ni kafin zaman.

Baturiya ta tambayi shekaruna da girman gonata. Na ba ta labarin kububuwa, na ba ta na mota. Abdulkabir yana juyawa, tana ɗan murmushi tana rubutu. Na ji daɗi, na ƙara mata da na shekarar fari. Sai ta ɗaga biro ta nuna benci.

Abdulkabir ya ce, "Baba, ta ce waccan baiwar Allah, 'yarka ce?"

Surukina ya sunkuyar da kai. A gaban liman, a gaban mai unguwa, a gaban yayan matata, a ce in buɗe baki in ce wai 'yata? Na gyara zaman rawani na ce, "'Yar gidan Iliyasu ce."

Abdulkabir bai juya ba. Ya matso kaɗan, ya rage murya. "Baba, ka fahimci tambayar kuwa? Haihuwa ake nufi. Kai ka haife ta?"

"Malam, na ce maka 'yar Iliyasu ce. Duba takardunta mana, ai ku kun iya karatu."

Dattawa suka gyaɗa kai. Na ji liman yana cewa a hankali, "Nababa dai akwai kunya." Abdulkabir ya juya ga Baturiya ya fara dogon bayani, ta ɗaga masa hannu. Daga baya ya gaya mini cewa ta ce abin da tsohon ya faɗa kawai take so, ba abin da tafinta yake tsammani ba. Ya juya mata maganata yadda take.

Ta sake tambaya, karo na uku: ko na san sunan matar?

Na ce, "Sunayen 'ya'yan mutane ai ba a kaina suke ba."

Wasu suka yi dariya. Sai Baturiya ta ɗauko waya ta danna, muryata ta cika rumfar, har da ƙarar cokalin mai shayi. Ni na ce a kawo, ni na nuna inda za a kafa, muna da mutum a sama. Da ta ƙare, Abdulkabir ya ce ana tambaya wane ne mutumin.

Na ce, "Zancen kasuwa ne."

Ta rubuta, ta rufe littafi, ta yi godiya. A lokacin na saci kallon benci. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta harare ni ba. Kallona kawai take yi, irin kallon da mutum ke yi wa gonarsa bayan ambaliya ta wuce. Da za su tafi ta zo ta durƙusa kamar kullum ta ce, "Baffa, mun tafi." Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ka rubuta wannan ma, Iliyasu: na koma gida ina jin na yi abin kirki. Har na ce wa Fadima yau na nuna wa Bature tarbiyya.

Washegari kafin azahar na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Iliyasu ne, ko hula bai sa daidai ba. Shekara sittin da wani abu bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, amma bai zauna a tabarmar da na nuna masa ba.

"Yaya, ka san abin da ka yi?"

"Me na yi? An tambaye ni na ba da amsa."

"An dakatar da ita. Kwamiti zai zauna nan da kwana goma. In suka yarda da ƙarar, aikinta ya tafi, kuma ba wani birni da zai sake zama da ita. Aikin nan ba a yinsa sai an yarda da kai."

"Ba ta ce ta rubuta musu ba?"

"Ta rubuta, takardar tana nan. Amma masu ƙara cewa suka yi an ɓoye wa mutanen gari, an koya maka ka musa. Ita kuma ta ce a zo a tambaye ka, babu abin da kuka ɓoye. Ta ce Baffa ba ya tsoron kowa, gaskiya zai faɗa. Aka zo, ka musa sau uku a gaban shaidu."

Na ce, "Kai ma ka san al'ada."

"Na sani. Ita Baturiyar daga ina za ta sani? Abin da ta gani shi ne tsoho ya ce yana da mutum a sama, aka nuna masa mutumin, ya ce bai san ta ba."

Na fara cewa ai duk garin nan an san wa ya haife ta, ba sai an faɗa ba. Sai na ji muryar Fadima daga bayan zana. Fadima da ta fi ni kunyar yarinyar nan sau goma, wadda ko ɗiban ruwa aka aiki yarinyar ba ta bari su haɗa ido.

"Malam."

"Na'am."

"Kwana biyu na yi ina naƙudarta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau na faɗa. Kunyar nan don a girmama ta muke yi ko don a kashe ta? In ba za ka je Kano ba, a ba ni kuɗin mota."

Iliyasu ya dubi ƙasa. Ni ma na dubi ƙasa. Ta ƙara da cewa, "Kuma ba sunan kaɗai ba. Har da na rumfar shayi."

Wannan na biyun ya fi ci mini rai, in gaya maka gaskiya.

Kwana tara na yi ina gwadawa. In na shiga gona da safe, in tsaya tsakiyar kwami inda ba kowa, in buɗe baki. Harafin farko ya zo, sauran sunan ya ƙi fita. Ni da na taɓa riƙe bijimi da ƙaho a kasuwar Kunci har aka ɗaure shi. Rana ta huɗu Kassimu ya hango ni daga tsallaken kanal, bakina yana motsi.

"Nababa, da tumatir kake hira? Shi ma kana gaya masa kana da mutum a sama?"

Na sunkuya na ci gaba da ban ruwa. Ya tsaya yana jira, don bai taɓa jifana da magana ba ban rama ba. Da ya ga shiru sai ya koma kan injinsa.

Ranar zaman Iliyasu ya zo ya ɗauke ni. Na bar babbar riga a akwati, na sa 'yar shara da hular da ta tsira daga hatsarin mota. Ofishin bene ne, aka sa mu a wani akwatin ƙarfe ya haura da mu sama. Da a da ne, da na samu labarin wata guda. Ɗakin yana da sanyi kamar randa, da dogon tebur, mutum biyar a zaune, shugabarsu wata Hajiya mai kaurin murya. Baturiya ta riga ta koma ƙasarsu, amma ga ta nan a talabijin ɗin bango tana kallonmu, tana motsi. Abdulkabir yana gefe. Yarinyar tana ƙarshen tebur. Ba ta san zan zo ba. Da ta gan ni ta miƙe, ta rasa ko ta durƙusa ko ta tsaya.

Hajiya ta ce, "Baba, an ce kana da magana. Bismillah."

Na ce a tsaye zan yi. Na fara da na rumfar shayi, don in na bar shi ƙarshe na san ba zan faɗa ba. Na ce maganar da kuka ji a waya tawa ce, kuma ƙarya ce. Ban kawo kowa ba, ban nuna ko'ina ba. Ranar da injiniyoyi suka zo ma ina gida ina fama da basir. Ban san za a zaɓi tudun ba sai da na ga an kafa turaku. Yarinyar nan ta zo har zaure ta roƙe ni in yi shiru, ban yi ba, don mutum goma sha biyu suna kallona kuma ina son a biya mini shayi.

Wani a teburin ya yi tari don ya ɓoye dariya. Abdulkabir yana juyawa a hankali, kalma bayan kalma.

Sai na yi bayanin kunya. Na ce a wajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba don ba a sonsa ba. Na ce ku tambayi duk wanda ke ɗakin nan da ya tashi a ƙauye. Hajiya ta gyaɗa kai, ta ce wa Abdulkabir ya ƙara da cewa ita ma uwarta har ta rasu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Baturiya ta saurara, ta cire tabarau ta goge, ta yi magana.

Abdulkabir ya ce, "Baba, ta ce ta gane, kuma ta ba da haƙuri da ta hana ni bayani a ranar. Amma abin da ke rubuce a littafinta musu ne sau uku. Kafin ta soke shi, sai ta ji daga bakinka. Wace ce wannan a wajenka, kuma mene ne sunanta?"

Na dubi tebur. Na dubi Iliyasu, ya kau da kai, don shi ma kunya ta kama shi. Na dafa kujera na ce, "'Yata ce. Ni na haife ta, ita ce ta fari. Sunanta Tahira."

Ba wanda ya yi motsi. Na ɗaga kai, sai na ga Baturiya ta daskare a bango, baki a buɗe, ido rabi a rufe. Wani ma'aikaci ya tashi yana danne-danne. Abdulkabir ya share gumi a wannan sanyin ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Sabis ne ya ɗauke. Ba ta ji ba."

"Ba ta ji ba?"

"Ko kaɗan."

Shekara talatin da tara ina riƙe da sunan nan, na sake shi sau ɗaya, ya faɗi ƙasa. Muka tsaya kusan minti biyar ana gyara, ni a tsaye, ba mai kallon wani. Da matar ta dawo motsi, na sake faɗa. Na biyun ya fi na farko wuya, don yanzu na san yadda yake a baki. Na ce Tahira, na ƙara da Tahira Nababa, ko da yake ba haka yake a takarda ba. Iliyasu bai ce komai ba, har yau kuma bai ce ba.

Da muka fito ta biyo mu har bakin akwatin ƙarfen. Ta miƙo mini ruwan gora ta ce, "Baffa, sha ruwa." Ban iya kallonta ba. Na sha, na ce ruwan ya yi sanyi da yawa.

Bayan mako biyu hukunci ya fito. Sun wanke ta, ta koma aiki. Amma suka ce tunda magana ta riga ta shiga gari, dole a kawar da zargi. Aka tashi ɗakin sanyi daga tudun aka mayar da shi tsallaken kanal, wurin da sai da aka yi ciko. Ita kuma aka cire ta daga aikin Watari, aka ba ta wani na kwashe shara da wani birnin daban, ta fara daga farko. Ranar sa hannu, magajin garin can ya zo, aka yi taro aka ɗauki hotuna. Wani ne ya zauna a kujerarta. Shekara shida na tafiye-tafiyenta, da yaranta da take bari wajen matar Iliyasu, da azumi biyu da ta yi a ƙasar da rana ba ta faɗuwa da wuri, duk a haka suka ƙare.

Labarin abin da na faɗa a Kano ya riga ni isowa gida. Surukina ya yi wata guda ba ya zama kusa da ni a masallaci. Dattawan da suka gyaɗa mini kai a rumfa yanzu in na wuce sai in ji ana cewa ga ɗan boko nan. Wannan ban damu da shi sosai ba.

Ɗakin sanyi yana aiki. Bara ba mu zubar da ko kwando ɗaya ba. Yana dab da gonar Kassimu, sai na bi ta kan iyakarsa nake kai kayana. A ƙofar akwai babban allo mai tutoci biyu da sunaye a jere. Na sa Iliyasu ya karanta mini shi tun daga sama har ƙasa, na ce ya sake, ko ya tsallake layi. Bai tsallake ba.

Kassimu ya same mu a wajen. Ya ce, "Nababa, ana neman sunanka ne a allo?"

Na ce, "Ba nawa ba."

Ya buɗe baki zai ƙara, sai ya fasa, ya kama mini kwando ɗaya muka shigar.

Ita kuwa ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini zafi a kan ta yi faɗa. Ran Juma'ar da ta wuce ta kira wayar uwarta daga wata ƙasar, Fadima ta miƙo mini. Na san ko wace ce, amma bakina ya riga ni, na ce, "Wa ke magana?"

Ta ce, "Baffa, 'yar gidan Iliyasu ce."

Da dariya ta faɗa, na ji dariyar. Na so in gyara mata. Fadima tana tsaye a kaina, maƙwabciya tana tsakar gida tana tankaɗe. Na tambaye ta ko ana ruwa a can, ta ce ana yi. Na ce to madalla, ta kula da sanyi, na mayar wa uwarta wayar.